Bayan Arba'in: Me Ke Mayar da Mai Jego Bakin Aiki?

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiyar ɗalibai a birnin Doha

 

Bisa al'ada, idan muka taru a wannan zaure zancenmu ba ya wuce zaɓe da kasafin kuɗi da tsaro da farashin mai. Yau kuwa an ɗora mana magana a kan mai jego da dalilan da ke mayar da ita bakin aiki bayan hutun haihuwa. Mai yiwuwa wani ya ce wannan zancen tsakar gida ne, me ya kawo shi zauren siyasa? Amsarmu ita ce, yawan kwanakin da uwa ma'aikaciya za ta yi tana rungume da jaririnta an riga an rubuta shi a doka tun kafin ta yi aure. Majalisa ce ta zauna ta ƙayyade shi, mai mulki ya sa hannu. Duk abin da sa hannun mai mulki ke iya tsawaitawa ko gajartawa, siyasa ne, ko da kuwa a ɗakin uwargida ake jin zafinsa.

Mu fara da lissafin kwanaki, domin a nan maganar ta fi fitowa fili. Bahaushe ya daɗe da nasa hutun haihuwa tun kafin a san ofis. Mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. In ta sauka lafiya a yi suna ran kwana 7, ta ci gaba da wankan jego da shan kunun kanwa da cin ƙauri har ta cika arba'in. A tsawon waɗannan kwanaki an ɗauke mata daka da ɗiban ruwa da ɗora tukunya, kaka ko gwaggo ko inna na tsaye a kanta. Likitoci sun yi wa wasu sassan al'adar gyara. A shekarun 1970 Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankin da yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Amma ginshiƙin al'adar yana nan daram: al'umma ta yarda cewa jikin da ya haihu yana bin ta bashin hutu, dangi kuma suka ɗauki nauyin biyan bashin.

To, mu ɗora wannan arba'in a kan ma'aunin dokokin zamani. A nan Katar, dokar ƙwadago mai lamba 14 ta shekarar 2004 ta ba ma'aikaciyar kamfani da ta cika shekara 1 a wurin aikinta hutun kwana 50 da cikakken albashi, da sharaɗin kada abin da zai faɗo bayan haihuwa ya gaza kwana 35. Ke nan wadda nauyin ciki ya sa ta ɗauki kwana 15 kafin haihuwa, hutunta zai ƙare tun ba ta cika arba'in ba. In ta koma, dokar ta ba ta awa 1 kowace rana don shayarwa har tsawon shekara, ta kuma hana a kore ta saboda aure ko hutun haihuwa. Ma'aikatan gwamnati dokarsu daban ce, ta kuma fi sassauci: a 2016 ta ba su wata 2, wata 3 ga mai tagwaye, da awa 2 na shayarwa har shekara 2.

A gida Najeriya, sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba da mako 12, wato 6 kafin haihuwa da 6 bayanta, ya kuma wajabta biyan aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 tana aiki. Mako 6 kwana 42 ne, kwana 2 kacal a kan arba'in. Ga wadda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, rabin nan naira 35,000 ne a watan da ake yanka ragon suna. Bugu da ƙari, ma'anar da dokar ta ba kalmar ma'aikaci ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru, saboda haka likita a asibiti mai zaman kansa ko injiniya ko jami'ar banki sai abin da takardar kwantiraginta ta ce. Gwamnatin tarayya na ba nata ma'aikata aƙalla mako 16. Jihar Legas ta kai hutun wata 6 a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. A Jamhuriyar Nijar hutun mako 14 ne, kuma asusun walwalar ma'aikata na CNSS na ɗaukar wani kaso na albashin.

Sai mu ajiye ma'auni biyu na duniya a gefe. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka ƙulla a shekarar 2000, ta ce kada hutun ya gaza mako 14, kada kuɗin ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, shawarar da ke tare da ita kuma ta nemi a kai mako 18. Nijar ta rattaba hannu a kanta a 2019, Najeriya kuwa har yau ba ta yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a nata ɓangaren ta ce a shayar da jariri nono zalla na wata 6. Ga inda gizo ke saƙar: asibiti ya ce wa uwa wata 6, wurin aiki ya ce mata kwana 50 ko kwana 42. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata 6 ba ke shan nono zalla. Ana yawan ɗora laifin a kan jahilcin iyaye mata. Da wuya a ji an ambaci kalandar da aka rataya musu a wuya.

Duk da wannan ƙunci, tana komawa. Me ya sa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka abin da za mu lissafa shi ne abin da yayyenmu da ƙannenmu mata ke faɗa da bakinsu, a nan Doha da can gida.

Dalili na farko tukunya ce. Tun daga cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, gida mai albashi ɗaya a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san halin da yake ciki. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mu da ke waje kuma nauyin ninki biyu ne. Albashin ma'aikaciyar jinya a Doha na biyan kuɗin haya a nan, ya kuma biya kuɗin makarantar ƙane a Zariya da maganin hawan jini na mahaifiya a Funtuwa. Ranar da ta ajiye aiki, gida biyu ko uku ne za su ji a jikinsu. Wanda ya ce mata ta zaɓi tsakanin ɗanta da aikinta ya manta cewa aikin ne ke ciyar da ɗan, ya kuma manta tsohuwar da ke jiran saƙon ƙarshen wata.

Dalili na biyu ya keɓanta da baƙunci. A ƙasashen yankin Gulf izinin zaman baƙo a ɗaure yake da aikinsa ko da aikin wanda ya ɗauki nauyinsa. Gyaran da Katar ta yi a 2020 ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki ba tare da takardar amincewar tsohon ubangida ba, kuma ci gaba ne na gaske. Amma wadda iƙamarta ke kan kamfaninta, in ta ajiye aiki dole ta nemi wani ginshiƙin da zamanta zai dogara a kai, ko ta tattara ta koma gida. In ta koma ƙarƙashin iƙamar mijinta, zaman iyalin gaba ɗaya ya rataya ke nan a kan igiya ɗaya, wadda wasiƙar sallama guda za ta iya tsinkewa. Akwai kuma kuɗin sallama da doka ta tanada, aƙalla albashin mako 3 a kan kowace shekarar aiki, wanda shi ne madadin fansho ga baƙo. Uwar da ke lissafin wannan duka da jariri a hannu, hangen nesa take yi wa iyalinta.

Dalili na uku shi ne sana'ar kanta. Kafin mace ta zama likita a Najeriya sai ta yi shekara 6 a jami'a, ta yi shekarar horo a asibiti, ta yi hidimar ƙasa. Ungozoma shekara 3 take yi a makaranta. Lasisin aiki kuwa sabunta shi ake yi, kuma hannun da ya daɗe bai yi aiki ba sai ya sake tabbatar da ƙwarewarsa. Claudia Goldin, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa mafi yawan tazarar albashi tsakanin namiji da mace masu sana'a iri ɗaya tana buɗewa ne da zuwan ɗan fari. Ko a Denmak, inda gwamnati ke tallafa wa gidajen raino ƙwarai, bincike ya gano kuɗin shigar mace na raguwa da kusan kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da na namiji bayan haihuwar fari, kuma giɓin ba ya cikewa. Idan haka abin yake a can, yaya ga wadda za ta haifi biyar ko shida? Binciken 2018 da muka ambata ya ƙiyasta matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma a kan 6.6. Da za ta bar aiki shekara 2 a kan kowane goyo, sai ta wayi gari fiye da shekara 10 sun shuɗe, takardar shaidarta ta zama ado a bango. Ta san haka, shi ya sa take riƙe kujerarta ko da ƙyar.

Dalili na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗa a gaban maza ba: tsoron gobe. Mutuwar aure ba baƙon abu ba ce a ƙasarmu, har ta kai gwamnatin Kano ta shiga aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba tun daga 2012. Mutuwar miji kuma ba ta sallama. Kowannenmu ya san gidan da maigida ya rasu, aka raba gado, aka bar uwa da marayu da tumunin takaba. Matar da ke da albashi da asusun fansho, wanda a tsarin dokar 2014 ma'aikaci ke zuba kashi 8 wurin aikinsa ya zuba kashi 10, tana da abin da za ta tsaya a kai ranar da ƙasa ta girgiza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta ga abin da ya sami mahaifiyarta ko yayarta ba ta buƙatar wani ya yi mata lacca a kan wannan.

Dalili na biyar ya wuce ita da gidanta: jama'a na jiran ta. Binciken 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, ya kuma nuna kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwar Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Ɗaya daga cikin dalilan da muka sani sarai shi ne mata da mazajensu da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwa. To, daga ina ungozoma mace za ta fito? Daga cikin matanmu ne, waɗanda su ma suke aure suna haihuwa. Shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya gane wannan, har ya sa aka samar da ɗakunan raino da masaukin matan aure a makarantun koyon jinya da ungozomanci, domin kada goyo ya kori ɗaliba daga aji. Magidancin da ya dage sai mace ce za ta duba matarsa, sannan ya ce matar wani da ta koma asibiti da goyo ta yi sakaci da ɗanta, ya ci tuwo ya zagi mai tuƙi. Haka zancen yake ga malamar makarantar 'yan mata: rashinta ne ke sa uba ya ce 'yarsa ta zauna gida.

Akwai dalili na shida da ya kamata mu ambata cikin tausasawa. A gida mai jego ba ta kaɗaita: gida cike yake da 'yan barka, maƙwabta na leƙowa, kaka na nan. A Doha kuwa, miji ya fita tun da asuba, ta rage ita da jariri a bene na bakwai, zafin waje ya hana fita, kakar da ta zo da bizar ziyara ta koma. Likitoci sun tabbatar akwai ciwon damuwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kaɗaici kuma na ƙara masa ƙarfi. Ga wasu, komawa cikin abokan aiki da jin ana kiran su da sunansu da muƙaminsu wani ɓangare ne na samun lafiya. Uwa mai natsuwa ta fi amfani ga ɗanta.

Wani zai ce duk wannan baƙon abu ne da boko ya kawo, iyayenmu zaman gida suka yi. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta yadda matan kulle ke gudanar da cinikin hatsi da mai da ƙuli-ƙuli daga cikin gidajensu, kasuwa sukutum da idon baƙo ba ya gani. Enid Schildkrout ta ga irin wannan a cikin birnin Kano a shekarun 1970. Kakanninmu sun yi kaɗi da saƙa da kitso da furar sayarwa da adashi, da goyo a bayansu. Abin da ya sauya shi ne wurin aikin: jiya tsakar gida ne, yau sakatariya ce ko asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje, inda ba a shiga da goyo. Kada kuma mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. Schildkrout ta nuna cewa ƙafar wannan ciniki ita ce yarinya mai talla, kuma tallar nan ce ta hana 'yan mata da yawa zama a aji. Tsohon tsarin ma akwai wanda ya biya kuɗinsa.

Tarihinmu ya bar mana darasi mafi kyau a wurin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Matar aure ce, uwa ce, marubuciya kuma malama. Da ta kafa 'Yan Taru, akasarin masu tahowa wurinta ƙarƙashin jagorancin jajis 'yan mata ne ƙanana da dattijai mata, su ne ke komawa da karatu ga masu goyo a garuruwansu. Wato an gina tsarin ne a kan sanin halin mai goyo, aka lanƙwasa shi ya dace da ita. Wannan shi ne abin da muke nema daga ma'aikatun yau.

Sai batun addini, wanda ya fi kowane nauyi a zukatanmu. Gaskiya ne shari'a ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a wuyan miji. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwar shekara 2 ga mai son cikawa, ta kuma ɗora ɗawainiyar mai shayarwa a kan uban yaro. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni da a biya wadda aka saka ladan shayarwa. Abin lura a nan shi ne, shari'a ta ɗauki shayarwa a matsayin aiki mai daraja da ke da haƙƙi, tun ƙarni 14 kafin dokokin ƙwadago. Matar da mijinta ya wadata ta, ta kuma zaɓi zama har ta yaye, ta yi abin yabo, babu mai ikon raina ta ko ya kira karatunta asara. Haka nan babu mai ikon zargin wadda ta koma. Nana Khadija 'yar kasuwa ce, ita ce kuma ta haifa wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mafi yawan 'ya'yansa. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta daga dukiyarta, aka kuma yi mata albishir da lada biyu. Fita da sharuɗɗanta magana ce tsakanin mata da miji bisa shawara da mutunci. Aikin hukuma shi ne kada talauci ko gajeriyar doka su yanke musu hukunci kafin su zauna.

Ba za mu yi adalci ba idan muka tsaya a kan masu albashi. Hukumar Ƙididdiga ta nuna a 2023 cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa ƙarƙashin wani tsari na hukuma. Mai ƙosai a bakin tasha, mai surfe, mai wankau, mai yankan zoɓo a gona, babu sashe na 54 a rayuwarsu. Hutunsu na ƙarewa ne ranar da kwanon gari ya ƙare. A nan Katar ma, dokar masu aikin gida ta 2017 ta ba su hutun mako da na shekara, amma ba ta yi tanadin hutun haihuwa ba. Sau da yawa matar da ke rainon ɗan ma'aikaciya ta baro nata 'ya'yan a wata nahiya. Duk wanda ya ɗauki mai raino a cikinmu, ya tuna ita ma uwar wani ce, ya biya ta haƙƙinta kan lokaci, kada ya gaza mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 ban da abinci da masauki da doka ta ƙayyade.

To, me za mu nema daga masu neman ƙuri'unmu da na iyayenmu?

Na ɗaya, a gyara sashe na 54: hutu ya kai aƙalla mako 14 a nufi 18, kuɗi ya kai kashi biyu cikin uku, a faɗaɗa ma'anar ma'aikaci, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniya ta 183 kamar yadda maƙwabciyarta Nijar ta yi. Dokar ƙwadago hurumin tarayya ce, don haka wannan tambaya ce ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai.

Na biyu, a sauya wanda ke biya. Masu adawa da tsawaita hutu suna da hujja mai ƙarfi: idan mai kamfani ne zai biya albashin wata 6 daga aljihunsa, zai daina ɗaukar matan aure tun daga ƙofa. Indiya ta kai hutun mako 26 a 2017 ta bar nauyin a kan masu kamfani, an kuma yi ta kokawa da wannan. Maganin shi ne asusun haɗaka da kowane wurin aiki zai zuba wa kaso kaɗan bisa yawan albashin da yake biya, ko maza ya ɗauka ko mata. Muna da samfuri: dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa ana zuba kashi 1 cikin 100 a asusun NSITF. Abin da aka yi wa wanda inji ya ji wa rauni, ana iya yi wa wadda ta haifa wa ƙasa ɗa.

Na uku, jihohin Arewa su bi sawun Kaduna ga nasu ma'aikatan, domin wannan na hannun gwamna da majalisar jiha. In aka ce babu kuɗi, mu tambaya: wanne ya fi tsada, a riƙe wa ungozoma aikinta na ƙarin wata 3, ko a rasa ta gaba ɗaya bayan shekara 3 na horo da kuɗin jama'a?

Na huɗu, ɗakin raino da ɗakin shayarwa a kowace sakatariya da asibitin koyarwa da jami'a, da ƙa'ida rubutacciya cewa ɗalibar da ta haihu za ta iya jingine zango ba tare da ta rasa gurbinta ko tallafin karatunta ba. Hutu komai tsawonsa yana ƙarewa, ranar komawa ita ce jarrabawar gaske.

Na biyar, tallafin kuɗi ga masu ciki da masu jego marasa albashi, a ɗaure shi da zuwa awo da rigakafi. An taɓa gwada irinsa a ƙarƙashin shirin SURE-P kafin a rufe shi a 2015. A farfaɗo da shi bisa doka, domin kada ya mutu da mutuwar gwamnati.

Mu sani waɗannan buƙatu ba za su tashi da kansu ba. Majalisar Dattawa ta 10 mata 4 ne a cikin kujeru 109, kuma a Maris 2022 majalisar ƙasa ta yi watsi da ƙudurori 5 da suka shafi haƙƙin mata a gyaran kundin tsarin mulki. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. Yau su ne ke cika layin zaɓe tun da hantsi, da goyo a baya. Idan zauren da ke yanke hukunci maza ne suka cika shi, to wajibi ne maza su ɗauki maganar a matsayin tasu.

Wannan ya kawo mu kan kanmu. Gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza da hutun kwana 14 a 2021, amma hutun uba ba shi da amfani in a majalisar abokai zai ƙare. 'Yan uwa maza, a ƙasar da babu gwaggo babu inna, ku ne gwaggo, ku ne inna. Tashin dare da kai yaro asibiti da ɗauko shi daga gidan raino ba sa rage wa namiji girma. Ƙungiyarmu kuma tana iya farawa da abin da ke hannunta: jerin masu kai wa mai jego abinci har ta yi arba'in, ɗan asusun taimako, da taƙaitaccen bayani da Hausa kan haƙƙin ma'aikaciya a dokar wannan ƙasa, domin a karanta kwantiragi kafin a sa hannu. Masu bincike a cikinmu, a fannin shari'a da lafiya da tattalin arziki, su rubuta takardun da za a iya ajiye wa ɗan majalisa a kan teburinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan muka ga 'yar uwarmu ta koma aiki da ɗanyen goyo, mu bar tambayar ta dalili, domin dalilanta sun fi ƙarfin tambayarmu. Mu tambaye ta wa ke riƙe mata yaron, ko tana samun lokacin shayarwa, da abin da za mu iya ɗauke mata. Tambayar dalili kuwa mu kai ta ga waɗanda suka rubuta kwana 42, su gaya mana a kan wane ma'auni suka auna.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya saka wa iyayenmu mata da mafificin alheri, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.